Likitan da ya ce "hanƙuri": kundin shirin wasanmu

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko a ajin da makaranta ta ara mana, bayan la'asar. Mutum goma sha biyu suka zo cikin sha biyar da suka yi alkawari, da sanyin nan kuwa ba laifi. Na buɗe wannan kundi ne saboda bara mun yi wasan kwaikwayo mun gama, aka tambaye ni nawa muka kashe, na tsaya ina susar ƙeya.

Labarin dare ɗaya ne a wani ƙaramin asibiti. Wata Hajiya mai hali ta kawo ɗanta da ya yi haɗari a babur. Likitan da ke aikin dare Basakkwace ne, kuma da karin garinsu yake magana. Hajiya na jin bakinsa ta ɗauka mai shara ne ya ari farar riga, ta ƙi sa hannu a yi wa yaron aiki sai "babban likita" ya zo. Kafin ta yarda lokaci ya ƙure. Sauran 'yan wasan su ne nas Bazazzagiya, maigadi Bakano mai Hausa tsaf kamar ta labarun rediyo, Kofur tsohon soja mai Barikanci, da wani malamin zaure da ke jinyar ƙaninsa.

Da gangan na juya abin. Tun muna yara mun san rabon da ake yi a dandamali: mai kuɗi da ma'aikaci da alƙali su yi Kananci, Basakkwace ya fito a ɗan garuwa ko baƙauyen da aka damfara a tasha, wanda ba Bahaushe ba kuwa a sa shi ya ce "yarinya ya zo" a tuntsire da dariya. Ina son in ga ko za mu iya sa zaure guda ya saurari Sakkwatanci minti biyu ba wanda ya yi dariya. Burin ke nan gaba ɗayansa.

Mun tsayar da 22 ga Fabrairu, don mu gama kafin azumi. Karo-karo N2,000 kowa, an tara N24,000. Na ɗora N25,000 daga aljihuna.

Talata, 7 ga Janairu

Na kai rubutun shagon buga takardu a Tudun Wada, shafi 22 da hannu. Bugawa N300 kowane shafi, kwafi N40. Mun raba matsayi. Likita ya faɗa hannun yaron da ya fi kowa murya a cikinmu, haifaffen Fagge, ya ce ai kwaikwayon Sakkwatawa tun yana firamare yake yi.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau raina ya ɓaci ƙwarai.

Na karɓo kwafi goma sha biyu, na biya N17,160, ban duba ba don ina sauri. Sai da muka zauna karatu na ga ɓarnar. Yaron shagon, da kyakkyawar niyyarsa, ya bi maganar likita layi-layi ya "gyara" ta. Inda na rubuta "munka" ya mayar "muka". "Shina" ta koma "yana", "biyat" ta koma "biyar", "zamna" ta koma "zauna". "Mi kaka so?" ya mayar da ita "Me kake so?" Ko "hanƙuri" bai bari ba, ya cire mata n. Likitana ya tashi daga Basakkwace ya koma mai karanta labarun ƙarfe bakwai.

Na koma shagon da magariba. Ya ce, "Malam, wallahi na ɗauka sauri ne ya sa ka yi kurakuran, na ce malamin Hausa guda kar a ga haka a takardarsa." Me zan ce masa? Abin da muka koya masa a aji ke nan. Mu ne muke jan jar biro a ƙarƙashin "anka" mu rubuta "aka" a sama. Daidaitacciyar Hausar da ake jarrabawa da ita a kan karin Kano aka gina ta, kuma a nan Zariya aka yi ta buga ta, tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, sannan aka kafa Hukumar Hausa a 1955. Shekara tamanin da wani abu ana nuna wa yara cewa wannan ce Hausar takarda, saura na baka ne. Yaron shago bai yi komai ba face biyayya.

Shafi tara ne likita ke magana a ciki. Zan sake buga su da kaina a waya, in tsaya a kansa har ya fitar.

Talata, 14 ga Janairu

Sabon kwafin shafi tara, N4,320. Karatu kawai muka yi, mutum huɗu na fama da mura. Na ce "a miƙo min rigan likita", 'yan matan nan biyu na Kano suka kwashe da dariya, wai riga mace ce, "rigar" ake cewa. Na ce to ga shi kun gani, ni ma malamin naku ban tsira ba. Tsakanin Kanawa da Zagezagi dai wasa ne ya halatta, na bar su.

Asabar, 18 ga Janairu

Da safe na je Sabon Gari wurin wani dattijo mai wankin hula, mutumin ƙasar Wurno, ya fi shekara talatin a Zariya amma bakinsa bai motsa ba ko kaɗan. Na tafi da mai fitowa a likita. Na sayi shayi da burodi na N1,500, muka zauna a benci, huluna jere a kan gwangwanaye suna shan rana, yaron ya fara karanta layinsa da irin muryar da ya saba.

Baba bai ce uffan ba sai da aka kai rabin shafi. Ya ajiye burushi ya dube ni. "Malam, wanga yaro mi shika yi?"

Na ce, "Baba, Sakkwatanci yake yi."

Ya ce, "Wanga ba Sakkwatanci na ba. Wanga tsiya ta aka yi muna."

Ya fi awa yana warware mana. Abin da yaron ke yi shi ne ya ɗauki abu uku da kowa ya sani, wato "hwa" a wurin "fa", "shi" a wurin "ya", da jan murya sama kamar mai kiran wani a gona, ya yi ta barbaɗa su ko'ina. Har "shi zo jiya" ya ce, abin da ba Basakkwacen da zai faɗa. Baba ya ce "ya zo" suke cewa kamar kowa, sai in an ce "shi ne ya zo" sannan su ce "shi yaz zo". Ni ma rubutuna bai kuɓuta ba. Na rubuta "ɗansa" da "matarsa", ya ce "ɗanai" da "matatai". Na sa "ne" da "ce" a wurare shida, ya mayar da su "na" da "ta". Na rubuta "yana barci", ya ce "shina kwana". "Wannan mata" ta zama "wagga mata", "duk" ta zama "dut", "yaya" ta zama "ƙaƙa". Ya kuma ce in daina tunanin su ne suka lanƙwasa Hausa: "zamna" da "abduga" da "sabro" su ne na da, mutanen gabas ne suka tausasa su suka koma "zauna" da "auduga" da "sauro". Wannan na san gaskiya ne, haka masana nahawu suka tabbatar, sai dai ban taɓa jin ta daga bakin mai wankin hula ba.

Da za mu tashi ya yi wata magana da ta bi ni har gida. Ya ce in Narambaɗa ko Ɗanƙwairo na waƙa, sarakuna ke zaune suna gyaɗa kai, ba mai dariya, kuma da wannan bakin suke yi. Haka ne kuwa. Waƙoƙin Hausa na su Nana Asma'u da ake karantawa a jami'a da wannan karin aka rubuta su. Karin da ke waƙar fada da wa'azi, shi ne in ya hau dandamali sai a miƙa masa tulun garuwa. Yaushe aka yi wannan juyin? Zargina ya fi karkata ga boko da rediyo, da kuma 'yan cin rani da mutanen birni suka fi gani da wannan baki, amma zargi ne kawai.

Yaron bai yi magana ba a Keke har muka iso Kwangila.

Talata, 21 ga Janairu

Fitowa ta ɗaya da ta biyu a tsaye. Mahaifin yarinyar da ke nas ya aiko da gudummawar N30,000, Allah ya saka. An ba da kafin alƙalami N10,000 na zauren da za mu yi wasan.

Asabar, 25 ga Janairu

Matsalar Hajiya. Yarinyar da ke fitowa a matsayin ta iya Ingausa kamar ba gobe, "filis" da "dokta" da "emajensi" na zuba ba tare da na koya mata ba. Amma an zo inda za ta daka wa malamin zaure tsawa ta ce "kai, matsa min", sai ta kasa. Mai fitowa a malamin ya girme ta da kusan shekara ashirin, abokin yayanta ne. Sau biyar tana zuwa wurin sai ta sunkuyar da kai ta ce "Malam, ɗan matsa". Na ce ke, wasa ne. Ta ce, "Malam, bakina ne ya ƙi."

Nan na lura da abin da ban rubuta ba amma yana cikin wasan. Matsayin mutum a Hausa ba a karin garinsu kaɗai yake ba. Yana cikin wa ke fara gaisuwa, wa ke durƙusawa, wa ake ce wa "ranka ya daɗe" ko "Allah gafarta Malam", wa ake kira da "kai" tsirara, wa ke katse wani ya zauna lafiya. A fada ma sarki ba ya amsa gaisuwa da bakinsa, dogarai ke cewa an gaishe ka. Rashin maganar ma matsayi ne.

Mun sasanta: ba za ta ce "kai" ba, za ta wuce shi ne kamar ba ta ga mutum ba alhali yana mata sannu. Da muka gwada, ya fi tsawar zafi.

Talata, 28 ga Janairu

Ba a yi komai ba, an yi rasuwa a unguwar su maigadi, duk mun tafi gaisuwa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwajin farko a gaban mutane. Na roƙi ɗaliban aji shida su talatin da 'yan kai da malamai uku su zauna su kalla. Na zauna a baya da littafi ina sa alama duk inda aka yi dariya.

Likita na buɗe baki, "Lahiya, Hajiya? Mi yas samu yaron?", aji ya ɗauka. Na ce ba komai, farko ne. Aka yi dariya a layinsa na biyu, da na uku. Yaron kuwa da ya ji ana dariya sai tsohon hali ya motsa, ya fara jan murya yana zaro ido, duk gyaran Baba ya bi ruwa. Har aka zo inda nake ganin ko dutse zai yi laushi, inda likita ke fitowa daga ɗakin tiyata ya ce, "Hajiya, ki yi hanƙuri. Mun yi abin da munka iya. Allah ya amshi abinai." Wani daga baya ya maimaita "abinai!" da ƙarfi, aji ya kece. Yarinyar da ke Hajiya tana durƙushe tana kuka na gaske, ana ta ƙyaƙyatawa a kanta. Na ƙirga dariya 23 a maganar likita kaɗai.

Bayan an tashi na tambayi ɗaliban me suka fahimta. Fiye da rabi suka ce ai likitan bogi ne, shi ya kashe yaron, Hajiya ce mai gaskiya. Wata ta ce ta yi ta jiran a bayyana cewa maigadin ne likitan gaske, "saboda shi ne yake magana kamar mai ilimi". Wasan da na rubuta don ya ƙalubalanci Hajiya ya koma yana ba ta gaskiya.

Ban gama haɗiye wannan ba sai wani abokin aikina, malamin lissafi, mutumin kudancin Kaduna, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, ka damu da an yi wa Basakkwace dariya. Kofur fa? Haka kuke jin mu?" Na fara kare kaina da cewa ai Barikanci abu ne na gaske, a barikin soja ya tashi inda ƙabilu suka haɗu, kuma marigayi Samanja ya shekara da shekaru yana yin sa a rediyo da talabijin na Kaduna, sojoji da kansu suna son sa. Ya ce Samanja tsohon soja ne, Banufe daga Pategi, da bakinsa yake wasa, kuma a wasan nasa shi ke ba da oda. Naka Kofur ɗin me yake yi ban da ɓata jinsi a yi dariya? Na duba takarda. Layi goma sha ɗaya gare shi, duk na ban dariya. Na tsaya tsayin daka don a mutunta baki ɗaya, na taka wani ban ko waiwaya ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na soke atisaye, na zauna da rubutu. Na taɓa karanta cewa a tsohon wasan kwaikwayon Indiya doka ce a rubuce: sarki da malaman addini su yi Sanskirit, mata da bayi su yi harsunan gama-gari, masunci ma da nasa karin daban. Su sun rubuta tasu dokar. Tamu ba a rubuce take ba, amma ɗan aji shida ya haddace ta tun daga tashen da yake yi yana yaro, inda ake kwaikwayon Bagwari da Buzu da Bafillatani a bi gida-gida.

Kuskurena shi ne na canja bakin likita na bar komai nasa irin na ɗan garuwa. A fitowar farko shi ke shigowa, shi ke fara gaida Hajiya, a tsaye yake ita tana zaune, tana katse shi yana yin shiru. To me zai hana a ce na bogi ne? Gyaran da na yi: labule na buɗewa likita na zaune yana rubutu, nas ta shigo ta rusuna ta ce "Yallaɓai", maigadi ya cire hula. Minti uku na farko ba zai ce komai ba sai "to" da "na ji". In ya fara magana, da nas zai fara, kan adadin allura da awon jini, maganar aiki wadda ba wurin dariya a cikinta. Na kuma ƙara ɗan wurin da shi da kansa zai tsokani nas kan "motan asibiti", ita ta rama da "hwa", don 'yan kallo su zubar da dariyarsu a inda na zaɓa, tare da shi, kafin a kai wurin mutuwa.

Kofur kuma na ba shi aiki. Shi ne zai ba da jini. Kuma mai fitowa a matsayin, ashe mahaifiyarsa Banufiya ce, yana jin Nufanci sosai. Zai kira gida a waya ya yi layi uku da Nufanci, tsaf ba gargada, a ji cewa mutumin nan harshe uku gare shi, Hajiyar da ke masa kallon banza ɗaya da rabi take da shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na yi abin da nake ta gudu, na karɓe matsayin likita daga yaron Fagge. Na kira shi gefe kafin kowa ya zo. Bai ji daɗi ba, ya ce wata guda yana haddar layi. Na ce masa laifin ba nasa ba ne, jikinsa ya riga ya saba da neman dariya da wannan bakin, kwana goma sha huɗu ba za su kankare ba. Na ba shi maigadi, wanda Hausarsa ta gida ce ma a wurinsa, wanda ke fitowa a maigadin a da ya koma kula da fitila da labule, abin da ya fi so tun farko.

Sabon likitan wani ɗan bautar ƙasa ne da ke koyar da kimiyya a makarantarmu, mutumin wajen Gwadabawa. Wata huɗu muna ofis ɗaya ban san daga can yake ba, don Kananci yake yi da mu tas. Ranar Alhamis na ji shi a bayan ɗakin gwaje-gwaje yana waya da mahaifiyarsa: "Inna, ƙaƙa jikin? Kin sha maganin da anka ba ki?" Na tsaya cak. Murya ƙasa-ƙasa, a natse, ba ja ba zaro ido. Likitana ke nan.

Da na tare shi ya ƙi. Ya ce, "Malam, tun ina aji ɗaya a jami'a na daina yin sa a waje. Na tambayi wani abu a lacca aka yi ta kirana 'Mi-kac-ce' har na gama." Ya ce bai ga dalilin da zai hau dandamali ya miƙa wuya a sake ba. Ban matsa ba, na ba shi rubutun na ce ya karanta kawai ya gyara min kurakurai. Yau sai ga shi ya zo da takardar duk jan biro, ya ce layin mutuwar bai yi ba, likita ba ya faɗin haka a tsaye daga nesa. Na ce to nuna mana. Ya ja kujera ya zauna daf da Hajiya, ya yi shiru har na fara tunanin ya manta, sannan ya faɗa. Ba wanda ya motsa a ajin. Nas ce ta fara share ido.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yadi da fenti na bangon asibiti, N14,000. Farar riga da abin sauraren ƙirji aro ne daga wata ma'aikaciyar jinya, yayar ɗaya daga cikinmu, da sharaɗin a mayar ranar Litinin bayan wasa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mai kula da zauren ya kira da safe, wai an samu kuskure, an ba masu biki ranar tun tuni. Na je da kaina. Magana ta ƙare a kan zai mayar da N5,000, sauran wai an riga an "shigar da su lissafi". Na yi ta maza na haɗiye, don in na tsaya jayayya atisayen yau ma zai tafi. Shugaban makaranta ya ba mu filin taron safe kyauta. Sai dai fili ba zaure ba ne: za mu hayi kujeru 150 da rumfa N20,000, janareto N8,000, lasifika da makirfo uku N15,000.

Makirfo ya kawo tasa matsalar. Duk ƙarfin sabon likita a ƙasa-ƙasan muryarsa yake, in ya ɗaga don na baya su ji sai ta fara kama da abin da muke gudu. Dole makirfo ɗaya ya zauna a aljihun farar rigar, sauran su yi karɓa-karɓa da biyu.

Malamin zaure ya tambaya ko zai rage Larabci, don wasu sun ce ba sa gane "bal" da "kazalika" da "wallahu a'alamu". Na ce ya bar su. Ba a taɓa yi wa wannan bakin dariya ba ko da ba a gane shi ba, wannan ma abin lura ne.

Talata, 18 ga Fabrairu

Cikakken gwaji, minti 52. Na gayyato malamin lissafi ya sake kallon Kofur. Ya ce ya fi, amma har yanzu layin "mata nan ya cika surutu" yana nan. Na ce wannan zan bari, haka mutumin ke magana, kuma a wurin shi ke da gaskiya. Bai gamsu ba, ni ma ban cire ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Fetur lita 8, N7,800. An kafa rumfa. Na aika wa Baba mai wankin hula kuɗin Keke.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yi. Tikiti 143 a N300, ban da yaran da suka haura katanga.

Mun fara biyar saura kwata maimakon huɗu, janareto ya ƙi tashi sai da aka wanke fulogi. Na koma baya da littafina kamar wancan karon.

Minti ukun shirun sun yi aiki, har wata mata kusa da ni ta ce wa ƙawarta "wannan likitan akwai jan aji". Da ya fara magana da nas an yi 'yar dariya, gajera, irin ta mamaki. Wurin tsokanar "motan asibiti" fili ya ɗauka gaba ɗaya, Zagezagi sun fi kowa. Da Hajiya ta ce a kira mata likitan gaske, wani dattijo a layin gaba ya ce da ƙarfi, "Ke, shi ne fa!" Wannan ban taɓa sa ran ji ba. Nufancin Kofur ya samu tafi daga wani gungu a hagu, ban san akwai Nufawa da yawa haka a unguwar ba.

Wurin mutuwar bai tafi yadda na yi mafarki ba. Ya ja kujera, ya zauna, ya yi shirunsa. Ya ce "ki yi hanƙuri", shiru. Ya ce "Allah ya amshi abinai", sai samari uku ko huɗu a can baya suka yi ƙasa-ƙasa da dariya, ɗaya ya fara maimaitawa. Wata tsohuwa ta juya ta ce, "Kai, ku yi mana shiru, mutuwa aka yi." Suka yi. Dariya a maganar likita, ban da wurin da na shirya, na ƙirga 4. Minti biyun da na nema ban samu cif ba, wajen minti ɗaya da rabi ne kafin samarin nan.

Baba ya zo da hularsa mai sitaci, ya zauna a gaba. Bayan an tashi ya riƙe hannun likita ya daɗe, suna magana da sauri irin wadda rabinta ya wuce ni. Ni kuwa abin da ya ce min shi ne a fitowa ta uku yaron ya ce "duk" sau biyu.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Lissafi. Abin da ya shigo: karo-karo N24,000, nawa N25,000, gudummawa N30,000, tikiti N42,900, jimla N121,900. Abin da ya fita, har da ruwan leda na duk atisaye N6,000, kuɗin Keke N9,000, abincin ranar wasa N12,000 da N5,000 ɗin da zaure ya cinye, N119,780. Saura N2,120, suna hannun ma'aji. Kuɗina ban ga alamar za su dawo ba.

An mayar da farar riga da abin sauraren ƙirji. Kujera ɗaya ta karye, mai haya ya ce a bar shi.

Likita ya kawo shawarar mu kai wasan Gusau ko Sakkwato bayan Sallah, kafin ya gama bautar ƙasa. Ina so, don ina son in ga wa za a yi wa dariya a can, shi ko maigadi. In haka ne fitowar farko sai an sake ta, minti ukun shirun ba su da amfani a inda ba wanda zai yi shakkar likitan. Hajiya ta ce mahaifinta ba zai bar ta kwana a wani gari ba, sai dai a je a dawo a yini, wanda Gusau kaɗai zai yiwu. Maigadi zai je tashar Kwangila ranar Laraba ya tambayo kuɗin shatar bas mai mutum 18. Ni kuma zan zauna da malamin lissafi a kan layin Kofur ɗin nan kafin a shiga azumi.